Waiwaye: Yadda Laka Ta Dawo Sababbin Unguwannin Yamai

A 1926, lokacin da Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kawo shi nan, Yamai 'yan unguwanni ce a bakin kogin Isa: Maourey, Kalley, Gaweye, sai Zango inda fatake ke sauka. Nasara ya zana wa kansa unguwar Filato, ya bar kwarin Gunti Yena ya raba shi da baƙar fata. Mu kuma aka yanka mana kare-kare, wato filayen gini, a jere, titi ya miƙe sambal, babu lungu babu kwana. Tun daga nan garin ya saba da faɗaɗa a kwance.

Gadar Kennedy ta 1970 ta buɗe Harobanda, unguwar ƙetaren kogi. Kuɗin uraniyom suka jawo ma'aikata, farin 1973 da na 1984 suka koro mutanen karkara. Ƙidayar 2012 ta tarar Yamai ta haura mutum miliyan ɗaya. Kamfanin gine-gine na SONUCI da irinsa sun gina gidajen ma'aikata, an kuma yi ƙauyen Farankofoni don wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci na 2005, amma duk salo guda ne: bulon siminti, rufin kwano, katanga mai tsawo, ƙofar ƙarfe. Laka ta zama tambarin talauci. Wanda ya kwana a ɗakin kwano cikin watan Afrilu, ga wuta ta ɗauke, ya san abin da aka yi asara.

Shi ya sa gidajen da aka kammala a unguwar Niamey 2000 a 2016 suka ja hankali. Gida shida ne kacal, masu bene, kafaɗa da kafaɗa, an gina su da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, ba a gasa shi. Cikin waɗanda suka zana su akwai Mariam Issoufou Kamara, kuma sun ce tsoffin birane irin Damagaram, Kano da Tumbuktu suka duba: gida ya jingina da gida, inuwa ta faɗa wa maƙwabci, tsakar gida ta suturta iyali. Aikin ya shiga jerin 'yan takarar kyautar gine-gine ta Aga Khan ta 2022. Ba yau farau ba, don masallacin Yama na jihar Tawa, ginin Falke Barmu, ya ci wannan kyauta tun 1986.

Sai dai gida shida ba gari ba ne. Abin da ke sa unguwa ta yi kama da garinmu na gida bai tsaya ga bango ba: masallaci da za a taka da ƙafa, 'yar kasuwa, gindin bishiya inda samari za su kafa fada su ɗora shayi. Masu yanka filaye a hanyar Dosso da ta Tillaberi kuwa kare-karen fili kawai suke sayarwa, kuma sau da yawa filin da aka ware wa makaranta ko wurin shan iska shi ke fara ɓacewa, tun ruwan famfo bai iso ba.