Takardar da ake dangwalawa kafin tiyata ba ta sayar da rai ba ce

Magana ta yi yawa a zangunan Kumasi, daga Aboabo har Asawase, cewa wai duk wanda ya sa hannu a takardar amincewa a asibitin gwamnati ya sallama kansa ke nan: a yanka duk inda aka ga dama, a cire abin da aka so, ba shi da bakin kai ƙara. Wannan tsoron ya sa wasu na ɗauke majinyacinsu cikin dare, wasu mata kuma na ƙin tiyatar haihuwa har lokaci ya ƙure. Dokar Gana ba haka ta ce ba.

Sashe na 42 na Dokar Laifuka ta 1960, mai lamba 29, ya fayyace cewa yardar da mutum ya bayar a yi masa magani ko tiyata ba ta haɗa da aikin ganganci ko sakaci ba. Ka yarda a gyara maka ƙaba, ba ka yarda a manta auduga a cikinka ba. Sashen ya kuma ba ka damar janye yardarka. Ko an sa maka rigar tiyata, ko an ɗaura maka ruwa, matuƙar kana cikin hayyacinka ka ce ka fasa, dole a dakata. Jawo wa mutum rauni ta hanyar sakaci laifi ne da zai iya kai wa ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ban da ƙarar neman diyya.

Saboda haka kafin ka dangwala, a gaya maka sunan aikin, da wurin da za a yi shi, dama ko hagu, da haɗarinsa, da ko akwai wata hanyar magani, da wanda zai yi. Wannan ba tsaurin ido ba ne. Kundin haƙƙin majinyaci da ke cikin Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, shi ya ba ka haƙƙin sanin waɗannan, da na jin ra'ayin wani likitan, da na ƙin shiga binciken gwajin magani. In Turanci ya yi maka nauyi, nemi a yi maka bayani da Hausa ko Tuwi, ɗan'uwanka na tsaye yana ji. Kada ka taɓa dangwala takardar da aka bar gurbin sunan aikin babu rubutu. Yawancin rigimar daga nan take tasowa.

Wa ke da ikon sa hannu? Duk mai shekara 18 da hankalinsa, shi da kansa. Yaro, iyayensa ko mariƙinsa. Miji ba ya cikin waɗanda dokar ta ba ikon yanke wa baligar mace hukunci. Shawara da maigida abu ne mai kyau, amma macen da jini ya ɓalle mata ba za a ajiye ta ana jiran mijinta ya fito daga kasuwar Kejetia ba. Dangwalenta ya wadatar.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne wanda ya suma ko ba ya iya magana. Dokar ta 1960 ta ce likita na iya yi masa aiki da kyakkyawar niyya, sai fa in wanda ke da ikon magana a madadinsa ya hana. Daga nan wasu suka ɗauka babban wa ko kawu na iya cewa kada a ƙara masa jini, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Sashe na 30 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce wanda rashin lafiya ya hana shi bayar da yarda, ba wanda zai hana shi magani don dalilin addini ko wata aƙida kawai. Sashe na 28 ya faɗi haka game da yara. Kundin kuwa yana sama da kowace doka. Lura da kyau: wannan bai ba gwamnati ikon tilasta wa mai hankalin da ya ƙi magani da bakinsa ba. Kariya ce ga wanda ba shi da baki a ranar, don kada aƙidar wani ta ci ransa. A ganina daidai ne.

Abin da ban ga adalcinsa ba yana cikin sashe na 42 ɗin nan: ɗan kurkuku, wanda ke tsare da shi na iya bayar da yarda a madadinsa ko da bai so ba, shi kuma ba ya iya janyewa. An ɗaure mutum don laifi, ba a karɓe masa jikinsa ba. Ya kamata majalisa ta sake duba wurin nan.

Gwamnati na da iko, ba na musu. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin ya yarda a killace mai cuta mai yaɗuwa ko mai taɓin hankali don jinyarsa ko kare jama'a, dokar 851 kuma ta ba ministan lafiya damar wajabta rigakafi. Amma ikon na da iyaka. Dokar takunkumi ta 2020, mai lamba 1012, wadda aka kulle Kumasi da Accra da ita lokacin korona, mai hukuncin ɗaurin shekara 4 zuwa 10, Kotun Ƙoli ta soke ta a 2023 don ta saɓa wa kundin.

Kuma a jerin dalilan tsare mutum da sashe na 14 ya kawo, babu bashin asibiti. Asibiti na iya bin kuɗinsa ta kotu, amma ba ya da ikon hana wanda aka sallama fita. Wanda aka yi wa haka, ko aka yi masa aikin da bai yarda da shi ba, ya rubuta rana da lokaci da sunan ma'aikacin, ya adana katinsa da rasiɗai, ya kai kuka ga shugaban asibitin. In ba a saurare shi ba, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ, ba a biyan ko sidi ɗaya, akwai majalisar da ke ba likitoci lasisi, akwai Babbar Kotu.