Tarihin Nazariyyar Ƙwayar Zarra

Ƙwayar zarra, wadda littattafan makaranta ke kira atam, ita ce mafi ƙanƙantar yanki na sinadari da ke riƙe da halayensa. Tun kafin a sami hanyar gwada ta ake gardama a kanta.

Zamanin da

Ana danganta ra'ayin ga Dimokiritas na Girka da malaminsa Lusifas, wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ganinsu babu komai a duniya sai ƙananan ƙwayoyi da ba sa rabuwa, da sararin da suke yawo a ciki. Aristotal bai yarda ba, kuma maganarsa ce ta yi rinjaye ƙarnoni da dama. A Indiya ma wani masanin falsafa mai suna Kanada ya faɗi makamancin haka, sai dai an yi saɓani kan zamaninsa.

Malaman tauhidi na mazhabar Ash'ariyya, irin su Al-Baƙillani da ya rasu a 1013, sun yi dogon bahasi kan jauharul fardi, wato yankin da ba ya rabuwa. Damuwarsu dabam ce: so suke su tabbatar cewa jiki da siffofinsa fararru ne, ba sa wanzuwa sai da ikon Mahalicci. Hujjarsu ta hankali ce, ba ta awo ba.

Daga Dalton zuwa Rutherford

A 1808 John Dalton, malamin makaranta a Manchester, ya wallafa cewa kowane sinadari yana da irin ƙwayarsa mai nauyinta. Wasu manyan masana sun ci gaba da musu har sai da Jean Perrin ya yi gwaje-gwajen da suka tabbatar da samuwar ƙwayar wajen 1908.

J. J. Thomson ya gano elektaron, wato wata 'yar ƙwaya mai cajin lantarki negatif da ke cikin zarra, a Cambridge a 1897, ta tabbata ke nan ƙwayar tana rabuwa. A 1904 ya siffanta ƙwayar zarra da dunƙule mai caji fositif, elektaron warwatse a ciki kamar 'ya'yan kankana. Siffar ba ta yi ƙarko ba. A 1909 Hans Geiger da Ernest Marsden, ƙarƙashin Ernest Rutherford, suka riƙa harbin fallen zinariya da ƙwayoyin alfa, wato wasu ƙananan ƙwayoyi masu caji fositif. Zaune suke a ɗaki mai duhu, ido a madubin ƙara girma, suna ƙirga 'yar walƙiyar da kowace ƙwaya ke yi in ta bugi allo. Galibi suka ratsa suka wuce, amma jefi-jefi sai wata ta yi tsalle ta dawo baya. Daga nan Rutherford ya yanke, a 1911, cewa kusan duk nauyin yana tattare a wata 'yar mitsitsiyar cibiya, sauran kuwa fili ne.

Bayan haka

Niels Bohr ya ɗora elektaron a kan matakan kuzari, wato ƙayyadaddun hanyoyi kewaye da cibiyar, a 1913. Lissafinsa ya dace da haidurojin mai elektaron ɗaya, ya gaza a sinadarai masu elektaron da yawa. Lissafin Erwin Schrödinger na 1926 ya maye gurbinsa, inda ba a faɗin takamaiman wurin elektaron sai yiwuwar samunsa. Har yau masana ba su daidaita kan fassarar wannan ba.

James Chadwick ya gano niyutiron, wato ƙwaya marar caji da ke cikin cibiyar, a 1932.