Aure kaɗai ba ya mai da baƙuwa 'yar Najeriya

An daɗe ana ɗauka cewa matar da ɗan Najeriya ya aura a Sudan ko Ingila ta zama 'yar ƙasa tun ranar ɗaurin aure, in sun tashi dawowa gida sai ta shigo abinta. Ba haka ba ne. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 damar neman rajistar zama 'yar ƙasa kawai ya ba ta, kuma sai shugaban ƙasa ya amince. Kafin nan da biza za ta shigo, ta nemi katin zama a hukumar shige da fice.

Baƙon da ya auri 'yar Najeriya kuwa, abin takaici, ko wannan damar ba shi da ita. Sashe na 27 zai bi, wanda ke buƙatar zaman shekara 15.