Sankarar Jini: Me Bincike Ya Gano, Me Kuma Ya Iso Kebbi?

Wai mece ce sankarar jini?

A cikin ɓargo ake ƙera jini. Idan wata ƙwayar halitta ta lalace a can, ta kama hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, sai ta cunkushe wurin, lafiyayyun su rasa gurbi. Mutum ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi jin magani, dasashi ya riƙa zubar da jini, saifa ta kumbura. Iri-iri ce, kuma kowace da maganinta.

Yaya abin da aka gano a ɗakin gwaji yake zama maganin da ake ba majiyyaci?

Sai da haƙuri mai tsawo. Ɗauki nau'in da likitoci ke kira CML. A 1960 wasu masana a birnin Filadelfiya na Amurka suka lura da wata tawaya a ƙwayoyin gadon masu ciwon. A 1973 wata masaniya 'yar Amurka, Janet Rowley, ta nuna cewa sassa biyu ne na ƙwayoyin gadon, na 9 da na 22, suka yi musayar gutsure, kuma wannan musaya ce ke haifar da sinadarin da ke zuga ƙwayoyin su yi ta yaɗuwa. Sai a 2001 aka amince da imatinib, wato Glivec, ƙwayar maganin da ke toshe wannan sinadari. A da ciwon kan kashe mutum cikin 'yan shekaru. Yau da yawa suna noma, suna aurar da 'ya'yansu, muddin ba su fasa shan maganin kullum ba.

Ya iso mana?

Ya iso. Tun 2003 aka fara bayar da shi kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife, can jihar Osun. Sai dai kyautar ba ta haɗa da kuɗin mota daga Zuru ko Argungu ba, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar.

Wace ce ta fi shafar yaranmu?

Limfomar Burkitt, wato sankarar da ke kama ƙwayoyin garkuwar jiki. Muƙamuƙin yaro ya kumbura cikin makonni kaɗan, haƙora su yi girgiɗi, iyaye su ɗauka hangum ne ko ciwon haƙori, wani lokacin kuma ciki ne ke tasowa. Wani likita mai suna Denis Burkitt ya bayyana ta a Yuganda a 1958, a 1964 kuma aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a cikin samfurinta. Maleriya mai yawan dawowa na share mata hanya, kuma binciken ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a maleriya, kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yara na ɗauke da ita. Shi ya sa gidan sauro da rigakafin maleriya da aka fara a jihar a Disamba 2024 ba ƙaramin abu ba ne.

Maganin gargajiya fa?

Maganin sankara mai suna vincristine daga wani fure na Madagaska aka samo shi, likitocin Sin kuma suka mayar da gubar arsenik maganin wani nau'in sankarar. Amma sai da aka tace, aka auna, aka gwada. Jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba yana iya lalata ƙoda, ya kuma cinye lokacin da yaro ba shi da shi.

Ana maganar CAR-T?

Ana ɗebo sojojin jinin mutum, a horar da su, a mayar su farauci sankarar. An amince da shi a Amurka a 2017 kan dala 475,000. Bai zama namu ba tukuna.

Idan na ga alamu, ina zan nufa?

Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ka nemi cikakken gwajin jini. Idan da buƙata za a tura ka Sakkwato. Idan ana yi wa ɗanka ƙarin jini a kai a kai, tambayi dalili. Kumburin Burkitt kan sace bayan allurar farko ta maganin sankara, amma in aka gudu gida ba a kammala ba, yakan dawo, kuma a karo na biyu ya fi wuyar magani.