Tetris Effect: tambayoyi da amsoshi kan wasan jera bulo da ke kaɗa maka kiɗa

Wane irin wasa ne wannan?

Tetris ne, wanda aka sani, kusan ba a taɓa ƙa'idarsa ba. Bulo yana faɗowa daga sama cikin wani rami mai faɗin gida 10 da tsawon gida 20. Kowane guntu murabba'i huɗu ne aka haɗa, kuma siffofinsa bakwai ne kacal. Kana juya shi, kana tura shi hagu ko dama, in layi ya cika daga bango zuwa bango sai ya ɓace. In ka bari bulo ya taru har ya toshe sama, wasa ya ƙare. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramin gem ɗin nan mai batir da ake shigowa da shi daga Sin, mai cika bakin cewa wasanni 9999 ne a cikinsa, ya riga ya san rabin karatun.

Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙiri asalinsa a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, a kan wata kwamfuta mai suna Electronika 60 wadda ko hoto ba ta iya zanawa, sai da alamomin rubutu ya haɗa bulon. Game Boy, ƙaramar na'urar wasa ta hannu ta kamfanin Nintendo, ce ta yaɗa shi duniya a 1989. Tetris Effect kuwa ya fito ne a Nuwamban 2018 a kan PlayStation 4, daga kamfanin Enhance na Tetsuya Mizuguchi, ɗan ƙasar Japan.

To me aka ƙara masa da har ake ta zuzuta shi?

Kiɗa, amma ba irin wanda ake kunnawa a bayan fage ba. A nan kowane motsi naka yana da sautinsa. Ka tura bulo gefe, sauti. Ka juya shi, wani sautin daban. Ka sake shi ya faɗi, wani kuma. An tsara sautukan nan su dace da waƙar da ke tafiya, saboda haka ko ba ka yi niyya ba kai ma kana cikin makaɗan. Abin ya yi kama da mai kalangu da ke kallon ƙafar mai rawa: kai kake taka rawar, amma gangar tana bin ka, har ka rasa wa ke jan wani.

Akwai wani mataki da aka gina a kan kiɗan jaz da hoton birni da dare. Da farko kusan shiru ne, sai ɗan fiyano. Duk juyin da ka yi wa bulo, fiyano ya amsa da sauti ɗaya. In kana jinkiri kana tunani, kiɗan ma ya zama na mai tunani, ɗai-ɗai. Da hannunka ya sake ka fara sauri, sai ka ji kamar wani gwani ne ya zauna yana zuba yatsu, ganguna su shigo, fitilun birnin su ƙara haske. Mutum biyu ba za su buga matakin nan su fitar da kiɗa iri ɗaya ba.

Waƙar kuma ba ta ci gaba sai ka share layuka. Baitin gaba yana jiran ka. Wannan ne ya sa mai wasa yake jin shi ne ya jawo amshin, ba faifai ne ya kawo shi ba.

Hotunan fa?

Babban sashen wasan tafiya ce mai matakai 27, kowanne da duniyarsa. Na farko a ƙarƙashin teku ne, inda manyan kifaye na ɗigon haske ke kewaya ramin. Can gaba akwai raƙuma a hamada, akwai masu rawa a gefen wuta, akwai sararin samaniya. Bulon kansa yana sauya kama daga mataki zuwa mataki, kuma riƙon da ke hannunka yana girgiza daidai da bugun kiɗan.

Sai dai ga abin da masu yabo ba su cika faɗa ba: kyan nan shi ne kuma cikas ɗin. Lokacin da allo ya fi tartsatsi, lokacin ne ka fi buƙatar ganin inda za ka sa bulo. A wasu matakan launin bulo yana kusa da na bango har ido ya sha wahala. Ana iya jawo ramin kusa don ya cika allo, kuma sabon shiga gara ya yi hakan. A ganina wannan ɗan rikicin da gangan ne, so ake ka daina ƙura ido kana lissafi, ka bar hannu ya yi aikinsa. Amma wanda ya zo neman maki zalla zai ji haushin wasu wuraren, kuma yana da gaskiyarsa.

Saurin faɗowar bulo yana ƙaruwa a hankali kamar yadda aka saba?

A'a, kuma nan ne tsofaffin hannu ke shan mamaki. A tsohon Tetris sauri hawa yake yi kawai, ba ya sauka. A cikin tafiyar Tetris Effect sauri yana bin waƙa. Mataki na iya farawa a natse, waƙa ta kai tsakiya ta ɗau zafi, bulo ya riƙa zubowa babu ƙaƙƙautawa, sannan komai ya lafa. Wanda ya saurara da kyau yakan ji hadarin tun kafin ya iso, ya rage tsibin da ke gabansa. Wanda ya kashe sauti ya rasa wannan gargaɗin. Don haka ne ake cewa a sa abin sauraro a kunne.

Mene ne Zone ɗin da ake yawan ambata?

Shi ne sabon abu ɗaya da aka ƙara a ƙa'idar wasan. Kana share layuka, wani ma'auni yana cika. In ka danna shi, lokaci ya tsaya: bulo ya daina faɗowa da kansa, kiɗa ya dushe kamar kana jin sa daga cikin ruwa. Layukan da ka cika a wannan ɗan lokacin ba sa ɓacewa nan take, sai su gangara ƙasan rami su taru suna haske. Da lokacin ya ƙare su fashe gaba ɗaya.

A Tetris na gargajiya iyakar abin da za ka share a bugu ɗaya layi huɗu ne, da dogon sandan nan. Da Zone ana share 8, ana share 16, gwanaye har 20 suke kaiwa. Amfaninsa biyu ne. Mai neman maki yana ɓoye shi har ya cika sannan ya gina tsibi mai tsawo ya rushe. Wanda ruwa ya kusa cinyewa kuma yana danna shi don ya samu numfashi. Hatsarinsa shi ne layukan da ke taruwa a ƙasa suna ɗaga sauran bulon sama, wurin aiki yana ƙara matsewa.

Daga ina sunan ya samo asali?

Daga wani abu da ke faruwa da mutane da gaske. Wanda ya daɗe yana buga Tetris yakan rufe ido ya ga bulo na faɗowa, ko ya kalli kwalaye a shago ya tarar kansa yana lissafin yadda za su shige juna. Tun shekarun 1990 ake kiran wannan da tasirin Tetris.

A shekarar 2000 Robert Stickgold na Jami'ar Harvard ya wallafa wani bincike a mujallar Science. Mutum 27 aka sa suka buga wasan, aka riƙa tambayarsu abin da suke gani a farkon barci. Da yawa sun ce bulo suke gani. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne biyar daga cikinsu masu lalurar mantuwa ne, waɗanda ba sa iya tuna sun taɓa buga wasan, amma wasunsu suka ba da labarin siffofi na faɗowa ba tare da sanin daga ina suka zo ba.

Shi Mizuguchin wane ne?

Mutum ne da ya daɗe yana bin abu guda: yadda za a haɗa ji da gani da taɓawa su zama ɗaya. Wasansa Rez na 2001 harbi ne da ke zama kiɗa. Ya so yin Tetris mai kiɗa tun farkon shekarun 2000, lasisi bai samu ba, sai ya yi Lumines a 2004, shi ma na jera bulo. Sai bayan shekara goma sha wani abu burin ya cika. Hydelic ne suka yi kiɗan wasan.

Ana iya bugawa da wasu?

A fitowar farko, a'a. A Nuwamban 2020 aka fitar da Tetris Effect: Connected, wanda ya kawo karawa tsakanin mutum biyu, da wani salo na haɗin gwiwa inda mutum uku ke yi wa kwamfuta taron dangi. Can a tsakiyar faɗan sai ramukan ukun su haɗe su zama ɗaya mai faɗi, kowa ya riƙa ajiye bulonsa bi da bi. Nan ake gane mai haƙuri, domin ramin da ka tanada wa dogon sanda wani na iya toshe shi da zuciya ɗaya.

Sai da tabarau na VR ake jin daɗinsa? Kuma a wace na'ura ake samunsa?

Ba dole ba ne. Tabaran, waɗanda ake ɗaurawa a fuska mutum ya ji kamar yana cikin wasan, suna sa kifayen su wuce ta saman kanka da gefenka maimakon su tsaya a allo, amma talabijin da abin kunne mai kyau sun wadatar. Yana kan PlayStation, Xbox, Nintendo Switch, kwamfuta da tabarau na Quest. Ba a yi shi don wayar hannu ba, kuma tafiyar mutum ɗaya ba ta buƙatar data da zarar an sauke wasan.

Akwai wanda bai kamata ya buga ba?

Mai farfaɗiya, ko wanda walƙiyar haske ke tayar wa ciwon kai, ya nemi shawarar likita tukuna, don wasan cike yake da walƙiya. Wanda kuma tsoron faɗuwa ke hana shi farawa, akwai sashen shaƙatawa inda ko bulo ya kai sama ba a kore ka, ramin ne kawai ake sharewa ka ci gaba daga inda waƙar take.