Sauyin kamfanin Patagonia zuwa audugar da ba a yi wa feshi

Patagonia kamfanin tufafi ne da Yvon Chouinard ya kafa a 1973 a garin Ventura da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Sauyin da ya yi a harkar auduga tsakanin 1994 da 1996 na daga cikin misalan da ake kafa hujja da su kan yadda aƙidar da masu kamfani da ma'aikata suka yi tarayya a kai take tilasta ƙirƙirar sabuwar hanyar aiki.

Abin ya samo asali ne a 1988, lokacin da ma'aikatan sabon shagon kamfanin a Boston suka riƙa fama da ciwon kai. Bincike ya nuna sinadarin fomaldihaid da ake sa wa yadin auduga don kada ya tsuke ko ya yamutse ne ke tashi daga kayan da aka jibge a ɗakin ajiya. Daga nan kamfanin ya bi sawun audugarsa har gona, ya tarar da yawan maganin ƙwari da na kakkaɓe ganye da ake fesawa.

Shugabannin ba su tsaya ga rubuta takardar manufa ba. Sun riƙa kwasar ma'aikata a motoci zuwa gonakin auduga na kwarin San Joaquin da ke Kalifoniya, su shaƙi warin feshin da hancinsu, su ga ƙasar. Gani ya kori ji. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin waɗannan ma'aikata su ne za su ɗauki wahalar sauyin. A ƙarshen 1994 aka yanke shawara cewa zuwa 1996, cikin wata 18, duk kayan auduga na kamfanin za su fito ne daga gonar da ba feshi ba takin zamani. Kayan da ba a samo masa irin wannan auduga ba, a daina yin sa.

Dillalai ba su da isasshiyar irin wannan auduga, dole kamfanin ya je wurin manoma kai tsaye. Masu gurza kuma sai sun tsayar da inji sun share shi tas kafin su zuba ta, don kada ta gauraya da wadda aka fesa, kuma tsayar da inji asara ce. Masu kaɗi su ma suka yi ƙorafi: audugar na zuwa da ganye da tsinke, ga danƙon darɓa yana liƙe injin. Wata masana'antar kaɗi a Tailan ce ta gano cewa sanyi yana kashe danƙon, zaren ya kaɗu lafiya.

Kuɗin yadi ya tashi. Kamfanin ya rage yawan samfuransa na auduga, ya haƙura da wani ɓangare na ribarsa, ya ƙara kaɗan a farashi. Ya cika alkawarin a 1996, sai dai har yau audugar da ba a yi wa feshi kaso ce ƙanƙanuwa cikin wadda ake nomawa a duniya.