Kyautar Oscar Karo na 92

Kyautar Oscar karo na 92 ita ce wadda aka raba wa finafinan da suka fito a shekarar 2019. An yi bikin ne a daren Lahadi, 9 ga Fabrairu, 2020, a zauren Dolby da ke unguwar Hollywood ta birnin Los Angeles a Amurka, tashar ABC kuma ta haska shi kai tsaye. Rukuni 24 aka fafata a kansu, kuma karo na biyu ke nan a jere da aka gudanar da bikin ba tare da jagoran shiri ba. Abin da aka fi tunawa da daren shi ne nasarar Parasite na Koriya ta Kudu. Tun da aka fara ba da kyautar a 1929, ba a taɓa samun fim ɗin da ba na Turanci ba da ya ɗauki kambun gwarzon fim sai shi.

Yadda ake zaɓe

Masu jefa ƙuri'a 'yan sana'ar ne da kansu, wato mambobin ƙungiyar masana'antar fim ta Amurka da ake kira Academy. A zagayen farko kowa abokan aikinsa yake zaɓa: daraktoci su fitar da daraktoci, 'yan wasa su fitar da 'yan wasa, masu ɗaukar hoto su fitar da nasu. Gwarzon fim ne kowa ke da ta cewa a kansa tun daga farko. A zagaye na ƙarshe kuwa, mai zaɓe yakan jera finafinan gwarzon fim daga wanda ya fi so zuwa na ƙasa. In babu wanda ya haura rabin ƙuri'u, sai a cire na kashin baya a raba ƙuri'unsa bisa zaɓi na biyu, a yi ta haka har a samu gwani. Wannan tsari yana fifita fim ɗin da kowa ke ɗan so a kan wanda wasu ke mutuwar so, wasu kuma ba sa son ko ganinsa.

'Yan takara

John Cho da Issa Rae ne suka karanto sunayen a ranar 13 ga Janairu. Joker ya zo kan gaba da gurbi 11, sai The Irishman da 1917 da Once Upon a Time in Hollywood, kowanne da gurbi 10. Jojo Rabbit, Little Women, Marriage Story da Parasite sun samu shida-shida. Waɗannan takwas, tare da Ford v Ferrari, su ne finafinai tara da suka nemi kambun gwarzon fim.

A rukunin darakta akwai Martin Scorsese, Quentin Tarantino, Sam Mendes, Todd Phillips da Bong Joon-ho, daraktan Parasite, duk maza. An yi ta ƙorafi kan barin Greta Gerwig, wadda ta ba da umarni a Little Women. Jaruma Natalie Portman ma sai da ta zo bikin da mayafin da aka yi wa aikin zare da sunayen mata daraktocin da aka tsallake.

Gwarzon jarumi ya haɗa Joaquin Phoenix, Leonardo DiCaprio, Adam Driver, Antonio Banderas da Jonathan Pryce. A mata akwai Renée Zellweger, Scarlett Johansson, Saoirse Ronan, Charlize Theron da Cynthia Erivo. Erivo, haifaffiyar Landan wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ita kaɗai ce baƙar fata a cikin gurabe 20 na 'yan wasa, kuma ta shiga takarar gwarzuwar waƙa da wadda ta rera a fim ɗinta Harriet. Mataimakin jarumi taron tsofaffin hannu ne: Brad Pitt, Tom Hanks, Anthony Hopkins, Al Pacino da Joe Pesci. Mataimakiyar jaruma kuma Laura Dern, Kathy Bates, Florence Pugh, Margot Robbie, da Johansson a karo na biyu.

Daren bikin

Kambunan 'yan wasa ba su ba kowa mamaki ba. Phoenix, Zellweger, Pitt da Dern ne suka ɗauka, su ɗin da ma suka yi ta lashe sauran gasannin kakar. 1917 ya tashi da uku, ciki har da ɗaukar hoto ta hannun Roger Deakins. Taika Waititi ya ci rubutun labarin da aka ciro daga littafi da Jojo Rabbit, Hildur Guðnadóttir ta ci kiɗan fim da Joker, Toy Story 4 ya ci fim ɗin zane. The Irishman, duk da gurabensa goma, hannu rabbana ya koma gida.

Parasite labarin iyalin Kim ne, talakawa da ke zaune a ɗakin da rabinsa ke ƙarƙashin ƙasa, suna ninke kwalayen fiza don su ci abinci. Da dabara suka shiga gidan wani attajiri ɗaya bayan ɗaya: ɗan ya zama malamin Turanci, 'yar malamar zane, uban direba, uwar mai aikin gida, masu gidan ba su san 'yan gida ɗaya ba ne. Abin da suka kasa ɓoyewa shi ne warin ɗakinsu da ke bin tufafinsu. Fim ɗin ya riga ya ci babbar kyautar bikin Cannes na Faransa a Mayun 2019, don haka kowa ya san kambun fim na ƙasashen waje nasa ne. Amma a darakta, Mendes na 1917 ake kyautata wa zato, tunda shi ƙungiyar daraktoci ta zaɓa. Da aka kira Bong, ya hau dandamali tare da tafintarsa Sharon Choi, ya nuna Scorsese ya ce finafinansa ya yi karatu da su a makaranta. Zauren duka ya miƙe yana tafa wa dattijon.

Jaruma Jane Fonda ce ta buɗe ambulan na ƙarshe, na gwarzon fim, ta kira sunan Parasite. Tawagar Koriya ba ta gama jawabi ba aka rage musu fitila, sai na sahun gaba, har da Hanks da Theron, suka yi ta ɗaga hannu suna kira a mayar da wuta, aka mayar. Kambu huɗu ke nan: gwarzon fim, darakta, rubutun labari na asali wanda Bong ya raba da Han Jin-won, da fim na ƙasashen waje. Masu sharhi da yawa sun danganta wannan da sababbin mambobin da Academy ta yi ta ɗiba daga ƙetare tun bayan sukar da ta sha a 2015 da 2016 kan fifita farar fata. A 2019 kaɗai ta gayyaci mutum 842 daga ƙasashe 59. Sai dai mutanen gida ba su zauna kallo sosai ba: kimanin miliyan 23.6 suka kalla a Amurka, mafi ƙaranci a tarihin bikin zuwa lokacin.

Batun harshe da Lionheart

A wannan shekarar aka sauya wa rukunin "fim na harshen waje" suna zuwa "fim na ƙasa da ƙasa", amma ƙa'idar ba ta motsa ba: dole mafi yawan maganar da ke cikin fim ta zama ba Turanci ba ce. Ƙasashe 93 suka aiko, kuma Najeriya da Ghana da Uzbekistan wannan ne karonsu na farko. Biyar ɗin ƙarshe su ne Parasite, Pain and Glory na Sifaniya, Corpus Christi na Polan, Honeyland na Masedoniya ta Arewa, da Les Misérables na Faransa, wanda daraktansa Ladj Ly ɗan asalin Mali ne. Atlantics na Senegal ya kai goma na kusa da ƙarshe, ya tsaya nan.

Najeriya Lionheart na Genevieve Nnaji ta tura, labarin kamfanin sufuri na wani ɗan ƙabilar Ibo a Inugu da ya tsira ta hanyar haɗa hannu da wani attajirin Kano. Sani Mu'azu ne ya fito a matsayin attajirin, Yakubu Mohammed kuma ɗansa. A Nuwamban 2019 aka cire fim ɗin, don abin da ba Turanci ba a cikinsa bai wuce minti goma sha wani abu ba cikin 95. Darakta Ava DuVernay ta caccaki hukuncin, Nnaji kuma ta kare kanta da cewa Turanci ne ke haɗa ɗaruruwan harsunan ƙasar. Hujjar tana da ƙarfi, amma ƙa'idar a rubuce take tun kafin a tura fim ɗin, kuma ba a tsaya kan Najeriya ba: kwanaki kaɗan bayan haka aka cire Joy na Ostiriya, mai labarin matan Najeriya a birnin Biyana, bisa dalili guda.

Kwamitin zaɓe na Najeriya ya ɗauki darasi. A 2020 Academy ta amince da Turancin Buroka a matsayin harshe dabam, kuma fim ɗin da ƙasar ta tura a wannan shekara, The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, akasarin maganarsa Hausa ce. A 2024 ma fim ɗin Hausa aka tura, Mai Martaba. Duka biyun sun cika sharaɗin harshe, amma babu wanda ya shiga jerin na kusa da ƙarshe.